KATAKO KO KASHE-MU-RABA? TARKEN CINIKIN GANDUN DABBOBI BISA MA'AUNIN YARJEJENIYAR STALIN DA HITILA

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da littafin Gandun Dabbobi, wato fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa Animal Farm na George Orwell, wadda maɗaba'ar Jami'ar Ibadan ta fitar a 1975, ya san wuraren da hankalin ɗalibai ya fi karkata. Sukan daɗe a kan tawayen da dabbobi suka yi wa mai gandu, da dokokin nan bakwai da ake bi cikin dare ana yi musu kwaskwarima, da kuma mugun ƙarshen da doki Akawal ya yi bayan ya ƙarar da ƙarfinsa wajen bauta wa gandu. Amma da zarar an iso kan cinikin katako, sai a yi masa karatun shan ruwan tsuntsaye, a ɗauke shi a matsayin share fagen yaƙin da ya biyo baya kawai. Alhali kuwa a cikin waɗannan 'yan shafuka ne Orwell ya dunƙule ɗaya daga cikin al'amuran da aka fi jayayya a kansu a tarihin ƙarni na ashirin, wato yarjejeniyar da Tarayyar Sobiyat ta 'yan gurguzu da Jamus ta 'yan Nazi suka ƙulla a birnin Mosko ranar 23 ga Agusta, 1939, cewa ɗaya ba za ta kai wa ɗaya hari ba.

Jayayyar ba ta mutu ba. A 2019 Majalisar Dokokin Tarayyar Turai ta zartar da ƙudurin da ya ce wannan yarjejeniya ce ta buɗe wa Yaƙin Duniya na Biyu ƙofa. A 2020 kuma shugaban Rasha, Vladimir Putin, ya rubuta doguwar maƙala yana mayar da nauyin laifin kan ƙasashen Yamma. Tambayar da ake ta kai da komowa a kanta ita ce: shin alkawarin ƙin kai wa juna hari ya kai a kira shi haɗa kai da maƙiyi?

Harshen Hausa ya sauƙaƙa mana aikin, domin ya rarrabe abubuwan da ake cakuɗawa a wannan muhawara. Akwai ƙawance, wanda kan ɗaure mutum ya shiga faɗan abokinsa. Akwai haɗin kai, wanda ke buƙatar manufa ɗaya. Akwai haɗin gwiwa, wato a taru a kan aiki guda ko da zukata sun sha bamban. Akwai kuma haɗin baki, wanda ba ya yiwuwa sai da wani na uku da za a cuta. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa Orwell ya dace ƙwarai wajen fito da yadda yarjejeniyar ta gurɓata harshe da tunani, amma zubin da ya zaɓa ya sa ya ɓatar da wannan na ukun, kuma ɓacewarsa ta sauya hukuncin da mai karatu zai yanke. Zan yi amfani da sunayen dabbobin kamar yadda masu karatun Hausa suka san su, in bar sunayen mutane yadda Orwell ya raɗa su, domin sunan Frederick da kansa ishara ce ga Jamus, tun da yake sunan shahararren sarkin Furushiya ne.

2.0 Cinikin Kamar Yadda Orwell Ya Tsara Shi

A harabar gandu akwai wani tarin katako da aka jibge tun shekara goma da suka wuce, ya bushe sarai. Maƙwabta biyu suna neman sa: Pilkington, mai babban gandun da aka yi wa riƙon sakainar kashi, wanda ke wakiltar ƙasashen Yamma, da Frederick, mai ƙaramin gandu tsaf-tsaf, mutum mai wayo da son shari'a. Maitumbi, shugaban aladu, ya yi ta wasa da hankalinsu. In ya karkata ga wannan, sai a ce maci amana Ɗantulu yana ɓoye a gandun wancan. In ya juya, sai maɓoyar Ɗantulu ita ma ta juya.

Ana cikin haka labarai suka yi ta shigowa game da muguntar Frederick: ya yi wa tsohon doki bulala har lahira, yana horar da shanunsa da yunwa, ya jefa kare cikin wuta, yana ɗaura wa zakaru reza yana haɗa su faɗa. Jinin dabbobi ya tafasa, har suka nemi a bar su su je su ceto 'yan'uwansu. Kwatsam sai aka tara su aka ce an sayar wa Frederick ɗin katako. Nan take aka umurci tattabarun da ke yaɗa saƙon gandu su daina yi wa Frederick fatan mutuwa, su koma kan Pilkington. Karambana, kakakin gwamnati, ya bi dabbobi yana bayyana musu cewa labaran muguntar nan an yi musu ƙarin gishiri, kuma dabarar shugaba ce ta sa farashi ya ƙaru da fam goma sha biyu. Maitumbi ya ƙi karɓar cek, ya ce sai tsabar takardun fam biyar-biyar, aka shirya su a faranti dabbobi suka bi layi suna kallo. Bayan kwana uku aka gane kuɗin jabu ne. Kashegari Frederick ya auko da mutum goma sha biyar, suka sa albarushi suka tarwatsa injin iskar da dabbobi suka sha wahalar ginawa. Da ƙyar aka kore su, bayan an yi asarar rayuka.

Wannan shi ne labarin. A lura da taurarinsa: mai saye, da mai sayarwa, da wanda aka hana. A lura kuma da hajar: busasshen itace, mallakar gandu, wanda ba ya jin zafi.

3.0 Abin Da Tarihi Ya Tabbatar

Takardar da Vyacheslav Molotov da Joachim von Ribbentrop, ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, suka sa wa hannu a gaban Stalin tana da fuska biyu. Ta fili ta ce har tsawon shekara goma ba za su yaƙi juna ba, kuma ba za su taimaki wanda ke yaƙar ɗayansu ba. Ta ɓoye kuwa, wato ratayen sirri, ta yanka gabashin Turai gida biyu. Finlan da Istoniya da Latbiya suka faɗa rabon Mosko, Lituweniya ta faɗa rabon Barlin, aka ja layi a tsakiyar Polan bisa kogunan Narew da Vistula da San, Jamus kuma ta ce ba ruwanta da yankin Besarabiya na Romaniya.

Ba a bar wannan rabo a kan takarda ba. Jamus ta afka wa Polan ranar 1 ga Satumba, sojojin Sobiyat suka shigo ta gabas ranar 17 ga wata. Ranar 22 ga Satumba, a garin Brest-Litovsk, Janar Guderian na Jamus da kwamanda Krivoshein na Sobiyat suka tsaya a dandamali ɗaya wajen faretin miƙa garin. Ranar 28 ga Satumba aka sake ƙulla wata yarjejeniyar, wadda su da kansu suka kira ta iyaka da abota. A cikinta aka yi musayar rabo: Lituweniya ta koma hannun Stalin, shi kuma ya sakar wa Hitila yankin Lublin da wani ɓangare na lardin Warso. Ita ma tana da nata ratayen sirrin, inda kowanne ya yi alkawarin murƙushe duk wani motsin 'yan Polan da zai dami ɗaya ɓangaren, da kuma sanar da juna matakan da aka ɗauka. Sobiyat ta tashi da fiye da rabin faɗin ƙasar Polan, da mutane kimanin miliyan 13. A ƙarshen Nuwamba ta auka wa Finlan, abin da ya sa aka kore ta daga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani. A watan Yuni na 1940, daidai lokacin da Faransa ke durƙushewa, ta mamaye ƙasashen Baltik uku, ta kuma karɓe Besarabiya, Molotov kuwa ya taya jakadan Jamus murnar nasarar sojojinsu.

Ciniki ma an yi shi, kuma ya wuce na katako. Bisa yarjejeniyoyin kasuwanci na Agustan 1939 da Fabrairun 1940, Jamus ta samu hatsi fiye da tan miliyan ɗaya da rabi, da man fetur kimanin tan 900,000, ban da auduga da ma'adinai, da roba da aka riƙa ratsowa da ita ta layin dogon Siberiya, duk a lokacin da jiragen ruwan Ingila ke ƙoƙarin toshe mata hanyoyin teku. Ita kuma ta biya da injuna da fasahar makamai, har da wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Lützow da ba a gama ƙerawa ba. A 1940 jiragen Sobiyat masu fasa ƙanƙara suka yi wa jirgin farmakin Jamus mai suna Komet jagora ta tekun arewa har ya fita tekun Pasifik. A watan Nuwamba na wannan shekara Molotov ya je Barlin, aka tattauna yiwuwar Sobiyat ta shiga ƙungiyar Jamus da Italiya da Japan. Mosko ta aika da sharuɗɗanta, Hitila bai amsa ba. Amsarsa ita ce umurnin da ya sa wa hannu ranar 18 ga Disamba na shirin mamaye Rasha, wanda aka zartar ranar 22 ga Yuni, 1941.

4.0 Hujjar Masu Kare Stalin

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa Sobiyat ce kusan ta ƙarshe da ta sa hannu a takarda da Hitila. Polan ta ƙulla irin wannan alkawari da shi tun 1934. Ingila ta yi yarjejeniyar jiragen ruwan yaƙi da shi a 1935. A Munik, cikin Satumban 1938, Ingila da Faransa suka miƙa masa wani yanki na Cekoslobakiya ba tare da an gayyaci Mosko ba, Polan ma ta gutsuri nata rabon daga wannan ƙasa. Da aka zo neman haɗa ƙarfi a Agustan 1939, tawagar Ingila da Faransa ta tafi a jirgin ruwa mai tafiyar hawainiya, shugaban tawagar Ingila, Admiral Drax, ya isa ba shi da rubutaccen izinin ƙulla komai, Polan kuma ta ƙi yarda sojojin Sobiyat su ratsa ƙasarta. A daidai lokacin kuma Sobiyat na gwabzawa da Japan a kan iyakar Mongoliya. Don haka, in ji su, Stalin lokaci ya saya, kuma ƙasar da ta yi asarar mutum kimanin miliyan 27 wajen karya Hitila ba ta cancanci a kira ta abokiyar aikinsa ba.

Akwai gaskiya a nan da ba za a tsallake ba. Ba a yi ƙawance ba, domin Sobiyat ba ta shelanta yaƙi a kan Ingila da Faransa ba, kuma ba a kafa rundunar haɗaka ba. Ba a yi haɗin kai ba, domin Hitila bai taɓa ajiye burinsa na mallake ƙasar Rasha ba, Stalin kuma fatansa shi ne Turawan Yamma su cinye junansu. Zaman doya da manja suka yi.

Sai dai duk wannan hujja fuskar fili take karewa, ba ta taɓa ratayen sirri ba. Danmak ma ta sa hannu a kan alkawarin ƙin kai hari da Jamus a 1939, amma ba ta samu ko taƙi ɗaya na ƙasar kowa ba. Abin da aka yi a Munik abin kunya ne, kyauta ce da kayan wani, amma Ingila da Faransa ba su sa wani yanki na Cekoslobakiya a aljihunsu ba. Wanda ya ga ana fashi ya kau da kai, matsoraci ne. Wanda ya ce a yanka masa kasonsa, ya kuma shigo ta ƙofar baya ya ɗauka, Hausawa suna da sunan abin da ya yi: kashe-mu-raba. Batun sayen lokaci kuwa, wata 22 ɗin nan ba Stalin kaɗai suka amfana ba. A cikinsu ne Hitila ya samu bayansa a rufe har ya gama da Faransa, sannan ya juyo gabas da ƙarfin da ya fi na 1939.

5.0 Inda Orwell Ya Dace Da Inda Ya Gaza

Babban abin da Orwell ya kama, kuma ya kama shi da kyau, shi ne saurin da harshe ya yi wajen bin umurni. Tattabarun da suka sauya take a rana ɗaya ba ƙirƙira ba ce tsagwaronta. Bayan yarjejeniyar, jaridun Mosko sun daina sukar fasistanci. An janye fim ɗin Sergei Eisenstein mai suna Alexander Nevsky, na 1938, wanda ya nuna Rashawa suna fatattakar mayaƙan Jamus, ba a maido da shi ba sai bayan harin 1941. Shi Eisenstein ɗin aka ba aikin shirya wasan waƙe na Wagner, mawaƙin da Hitila ya fi ƙauna, a babban gidan wasa na Bolshoi cikin Nuwamban 1940. Jam'iyyun gurguzu na duniya aka umurce su su ce yaƙin na 'yan mulkin mallaka ne, ba ruwan ma'aikata da shi. A Ingila aka sauke Harry Pollitt daga shugabancin jam'iyya don ya goyi bayan yaƙar Hitila. A Faransa marubuci Paul Nizan ya fice daga tasa. Orwell ya ga wannan da idonsa, ya kuma sake komawa kansa a littafinsa na Nineteen Eighty-Four, inda aka sauya sunan ƙasar da ake gaba da ita ana tsakiyar jawabi, taro kuma ya ci gaba da sowa. Karambana ɗan wannan zamani ne, kuma babu tauraron da ya fi shi rai a babin.

Amma idan aka ɗora labarin a kan tarihi, sai a ga giɓi uku. Na farko, hajar. Maitumbi kayan gandunsa ya sayar, kuma sayar da katako ba laifi ba ne ko ga wane ne aka sayar. Babu wani ƙaramin gandu a tsakanin maƙwabtan biyu da aka wayi gari an raba shi, aka kora dabbobinsa rabi nan rabi can. Na biyu, ladan. Maitumbi ya tashi a tutar babu, da takardun banza a faranti. Stalin kuwa ƙasa ya karɓa, kuma yawancinta ta ci gaba da zama a hannun Mosko bayan 1945. Ƙasashen Baltik ba su kuɓuta ba sai 1991. Na uku, lokacin. Kwana uku ne tsakanin ciniki da tonuwar asiri, wanda bai isa a ga ma'amala ba, balle a ga ta yi sassauƙa ta zama al'ada kamar yadda ta yi cikin wata 22.

Waɗannan giɓoɓi sun taru sun mayar da babin wani irin labari da Bahaushe ya sani tun yana yaro a gaban kakarsa, wato labarin mai wayo da ya gamu da wanda ya fi shi. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. A irin wannan zubi, laifin wanda aka damfara wauta ce da girman kai, hukuncinsa kuma dariya. Da Frederick ya auko, tausayin mai karatu duk sai ya koma kan gandu, har da shugabansa. Wanda ya karanta babin bai san tarihi ba zai fita da fahimtar cewa kuskuren Stalin shi ne ya amince da ɗan damfara. Wannan kuwa, abin mamaki, bai yi nisa da abin da masu kare Stalin ke faɗa ba.

Za a iya yi wa Orwell uzuri cewa ya rubuta littafin tsakanin Nuwamban 1943 da Fabrairun 1944, ratayen sirri kuwa bai fito fili ba sai a shari'ar Nurembag a 1946, kafin Amurka ta buga takardun a 1948. Uzurin bai cika ba. Rabon Polan ba a ɓoye aka yi shi ba. Tun ranar 20 ga Satumba, 1939, mai zanen barkwanci David Low ya fitar da zanensa a jaridar Evening Standard ta Landan, inda Hitila da Stalin ke rusuna wa juna suna gaisawa da zagi cikin ladabi, ga gawa kwance a tsakaninsu. Low ya zana mutum uku. Orwell ya bar biyu.

Bugu da ƙari, Orwell ya san ɗaya daga cikin mutanen wannan gawa. A birnin Faris, a farkon 1945, ya haɗu da Józef Czapski, mai zane kuma hafsan sojan Polan, wanda aka tsare a sansanin Starobelsk, ya kasance cikin 'yan ɗaruruwan da suka tsira lokacin da 'yan sandan ciki na Sobiyat suka harbe 'yan Polan kusan 22,000 a Katyn da wasu wurare a 1940. Orwell ya yi ƙoƙarin ganin an buga labarin Czapski da Ingilishi. Amma gyaran da wannan haɗuwa ta jawo wa babin yaƙin shi ne wannan: Czapski ya gaya masa cewa, duk da zaluncin Stalin, tsayuwarsa a Mosko ce ta ceci Rasha, sai Orwell ya rubuta wa maɗaba'arsa cikin Maris na 1945 cewa a cire Maitumbi daga cikin dabbobin da suka zube ƙasa don tsoro sa'ad da injin ya tarwatse. Wannan ya nuna adalcin mutanen biyu. Ya kuma nuna cewa shaidar ɗan Polan ta samu shiga littafin ne kawai a inda ta amfani wanda ya raba ƙasarsa.

A ganina dalilin yana cikin zubin littafin. Jigon Gandun Dabbobi shi ne cin amanar juyin juya hali daga cikin gida, kuma Orwell ya tsare idon mai karatu a cikin shinge tun daga farko har ƙarshe. Abin da dabbobi ba su gani ba, mu ma ba mu gani. Dabbobin wasu gandaye jita-jita ce kawai da tattabaru ke kawowa. Wannan ƙunci shi ya ba littafin ƙarfinsa, shi ne kuma ya hana shi ɗaukar laifin da aka aikata a bayan shinge.

6.0 Shaidar Wadda Aka Miƙa

Wanda ke son jin abin da katako zai faɗa da yana da baki, sai ya nemi littafin Margarete Buber-Neumann, wanda aka buga da Jamusanci a 1949 da sunan da ke nufin fursuna a hannun Stalin da Hitila, aka kuma fassara shi da Ingilishi da sunan Under Two Dictators. Ita Bajamushiya ce 'yar gurguzu, wadda ta nemi mafaka a Mosko tare da mijinta Heinz Neumann, ɗaya daga cikin jagororin jam'iyyar gurguzu ta Jamus. An kama shi a 1937 aka harbe shi. Ita aka kama ta a 1938, aka yanke mata shekara biyar, aka kai ta sansanin Karaganda a Kazakistan.

A farkon 1940 aka dawo da ita kurkukun Butyrka a Mosko, inda ta ga abin da ya ɗaure mata kai: gado mai tsabta, da abinci mai kyau, da sababbin tufafi. Kiwo ake yi musu, irin wanda akan yi wa rago kafin a kai shi kasuwa. Cikin Fabrairu aka sa su a jirgin ƙasa, su kimanin talatin, aka sauke su a bakin gadar Brest-Litovsk, garin da aka yi faretin nan wata biyar da suka wuce. Ta bayyana yadda jami'in Sobiyat da na rundunar SS suka sara wa juna, aka zaro takarda aka kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, da yadda aka tilasta wa waɗanda suka turje, ciki har da wani Bayahude, suka haye. Daga nan aka kai ta sansanin mata na Ravensbrück, inda ta zauna har Afrilun 1945. A can ma fursunoni 'yan gurguzu suka ƙaurace mata, don sun ce ƙarya take yi wa Tarayyar Sobiyat.

Gaskiya ne cewa Mosko ta fara korar Jamusawa zuwa gida tun kafin 1939, kuma waɗanda aka miƙa a zamanin yarjejeniyar 'yan ɗaruruwa ne, adadin da bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da miliyoyin da yaƙin ya ci. Amma darajar wannan littafi a wajen manazarci ba ta adadi ba ce. Salonsa ba shi da ado, jimlolinsa na mai ba da shaida ne, kuma ya ba mu abin da ƙagaggen labarin ya hana mu, wato kallon cinikin daga mazaunin haja. A kan wannan gada babu wanda aka damfara. Jerin sunaye ya cika, mai bayarwa ya bayar, mai karɓa ya ƙirga ya karɓa. Hukumomi biyu da ke ƙin jinin juna sun yi aiki tare cikin tsari da ladabi, kuma wannan shi ne ma'anar haɗin gwiwa.

Abin lura shi ne Orwell yana da irin wannan hoto a hannunsa. Wuri ɗaya tak a littafinsa aka sayar da mai rai, wato ranar da aka ɗora Akawal a keken mahauci, dabbobi suna bin sa da kuka. Shi ne shafin da ba a mantawa. Da a keken Frederick aka ɗora wani mai numfashi tare da katakon, da babin ya faɗi gaskiyar 1939 dukkanta.

7.0 Kammalawa

Shekara hamsin Mosko ta yi tana musun cewa akwai ratayen sirri. Ranar 23 ga Agusta, 1989, mutane kimanin miliyan biyu suka riƙe hannun juna tun daga Tallinn, ta Riga, har Vilnius, tafiyar fiye da kilomita 600, don tuna ranar da aka yi cinikinsu. Ranar 24 ga Disamba na wannan shekara Majalisar Wakilan Jama'a ta Sobiyat ta amsa cewa ratayen gaskiya ne, ta kuma yi Allah wadai da shi. Buber-Neumann ba ta ji wannan ba, domin ta rasu ranar 6 ga Nuwamba, mako bakwai kafin nan.

Amsar tambayarmu ke nan. Alkawarin ƙin kai hari, shi kaɗai, ba haɗa kai ba ne. Amma abin da aka ƙulla a Mosko ya wuce shi. Bai kai ƙawance ba, bai zama haɗin kai ba, ya tabbata haɗin gwiwa a fagen ciniki da tsaro, ya kuma tabbata haɗin baki a kan Polan da maƙwabtanta. Gaba tsakanin manya ba ta hana su daidaitawa a kan ƙanana, kuma jikokin mutanen da Ingila da Faransa suka ja wa layi daga Say zuwa Barruwa a 1890, suna tsakiyar kishin juna, ba sa buƙatar dogon bayani a kan haka.

Wannan tarke bai rage wa Gandun Dabbobi daraja ba, iyakarsa kawai ya nuna, kuma ya kamata mai koyar da shi ya nuna wa ɗalibai wannan iyaka. Ga matasan marubutanmu kuwa, waɗanda da yawansu ke son yin gugar zana ga masu mulki ta bakin dabbobi, darasin a fili yake. Alamar da marubuci ya zaɓa tana yanke hukunci tun kafin shi ya yanke. In za ka ba da labarin yadda manya biyu suka shirya, ka ƙirga waɗanda ke cikin ɗakin, sannan ka tambayi kanka wane ne aka yi maganarsa ba ya nan. In ka mayar da shi itace, mai karatu ba zai ji kukansa ba.